Ƙodar Ƙanenki

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara duka. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon sugan nan, ya ba ki ikon kiyaye abin da likita ya hana ki, ko da yake na san tsakaninki da shayi sai addu'a. Mu nan lafiya, gwargwadon yadda za a ce lafiya a gidan da ake zuwa asibiti sau uku a mako. Auta ta gama jarrabawa, tana barci har hantsi, wai ƙwaƙwalwarta take hutarwa, kamar ta taɓa wahalar da ita. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Maigidana yana gaishe ki, ya ce in gaya miki bishiyar da kika dasa a bayan kicin ta yi 'ya'ya a karon farko, guda uku, kuma tsuntsaye sun riga mu ɗanɗanawa.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, saboda a waya kafin in kai rabin zance kin fara ba ni haƙuri. Takarda ba a katse ta. Ki zauna, ki karanta har ƙarshe, don akwai abin da nake so ki yi, kuma ke kaɗai za ki iya. Na san kin ji labarin, amma abin da ya iso gare ki ta bakin ƙanenki ya biyo, kuma duk abin da ya bi ta nan sai ya fito a goge, da turare. Bari in jera miki shi yadda ya faru.

Shekara biyu ke nan Umma tana wankin ƙoda, Litinin, Laraba da Juma'a, awa huɗu a kujerar kusa da taga, da bargonta mai ruwan toka, tana ƙirga motocin da suke shiga harabar asibiti. Jijiyar da aka haɗa mata a hannun hagu ta toshe, ta dama ma ta ƙi. Yanzu roba ce aka sa mata a wuya, ta nan ake jona ta da injin, kuma wurin ya riga ya kama ciwo sau ɗaya kafin duk wannan ya fara. Likitar ƙoda, doguwar nan da ba ta murmushi, ta tara mu ta ce lokacin dashe ya yi, kuma kada mu ɗauka muna da shekaru. Aka auna mu. Jinina bai dace ba, na Auta ma haka, ke kuma ga suga. Ƙanenki Ciyaman kaɗai ya dace, kuma dacewar da likitar ta ce ba kasafai take gani ba. Har ta kusa murmushi.

Kin san ƙanenki. Tun yana aji huɗu yake shugabantar abubuwa, shi ya sa sunan ya bi shi: ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ƙungiyar unguwa, ƙungiyar iyayen yara tun kafin ya haifi ko ɗaya. Ranar da sakamako ya fito ya miƙe a falo, hannu a ƙirji, ya ce da biyun ake buƙata da biyun zai bayar, wai wace ƙoda ce za ta zauna masa lafiya a jiki alhali wadda ta haife shi tana jone da inji. Goggo ta yi kuka da majina. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma idona ya kawo ruwa. Mako shida ya yi yana karɓar addu'a, daga maƙwabta, daga abokan ofis, daga mutanen da ko sunan Umma ba su sani ba. Ya daina shan lemon kwalba a gaban jama'a, ya sayi wata ƙatuwar gorar ruwa yana yawo da ita, duk wanda ya tambaya sai ya ce amanar Umma yake tattali. Aka sa ranar tiyata.

Saura kwana goma sha biyu motata ta lalace, ya zo ɗaukata daga wurin aiki. Ban gama ba, sai na ce ya shigo ya jira. Shekara shida ina ɗakin binciken nan, Yaya, kuma babu wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi a ciki, ban da zolayar da kuke yi mini ta likitar da ba ta iya maganin ciwon kai. Ke ma ba ki taɓa tambaya ba, ba gori nake yi ba, ina so ne ki gane abin da ya gani. Da safe ake kawo mana ƙodar tunkiya daga mayanka, cikin ƙanƙara. In nemo babbar jijiyar jini, in zura mata siririyar roba, in ɗaure da zare, in haɗa da famfo. Sai wani ruwan sabulu na musamman ya riƙa bi ta cikinta a hankali, kwana biyar ba tsayawa. Ranar farko ja ce kamar yadda kika san ta a faifan mahauci. Ranar uku ta koɗe. Ranar biyar fara ce fat, haske yana ratsa ta, kina hango rassan jijiyoyinta kamar na ganyen da aka ɗaga wa rana. Duk ƙwayoyin halittar tunkiyar sun wanke sun fita, saura saƙar da take riƙe da su. Ni kango nake kiran abin: ɗakuna suna nan, hanyoyin ruwa suna nan, ba mazauna.

Fatan da ake yi shi ne wata rana a ɗebi ƙwayoyin halittar mara lafiya da kansa, a hayayyafa su, a zuba su cikin kangon, kowanne ya nemi ɗakinsa ya zauna, su zama ƙodar da jikinsa ba zai yaƙa ba tun da tasa ce. A takarda abin gwanin sha'awa. A kwalba kuwa, ƙoda tana da ƙwayoyi iri fiye da ashirin, kowanne da wurinsa da aikinsa, mu kuma har yau iri biyu muke lallashi. Su shiga, su tsaya a bakin ƙofa, su ƙi ƙarasawa ciki, yawanci kafin kwana goma sha ɗaya su mutu. Mu wanke kwalba, mu jira tunkiya ta gaba.

Duk na gaya masa wannan. Ya saurara, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya tambaye ni yaushe za a sa wa mutum, na ce shekara ashirin in an yi sa'a, kuma da wuya ta hannuna. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Akwai wani dattijo mai kula mana da injina, Baba Injiniya muke ce masa, yana gefe yana gyaran famfo, ya sa baki ya ce shi dai kafin lokacin ciyawa ta daɗe da rufe shi, sai dai a kai masa labari. Ciyaman ya yi dariya sosai. Sai ya nemi ya ɗauki bidiyon wadda take cikin akwatin gilashi, fara, ruwan abincin ƙwayoyin yana zagaya ta ja-ja. Na bar shi. Har fitilar baya na kunna masa don hoton ya fito da kyau. Wannan ita ce wautata, kuma na amsa ta: yayana ya yi sha'awar aikina sau ɗaya, sai na narke kamar 'yar firamare da aka yaba wa zane.

Bayan kwana uku na dawo gida na tarar da falo cike, Umma tana zaune fuskarta tana haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce a fasa tiyata. Ciyaman ya nuna mata a waya, 'yarta ta gina ƙoda da hannunta, saura 'yan watanni, wai ɓoyewa nake yi sai na gama in ba ta mamaki. Ta ce ba za a tsaga mata ɗa ba alhali Allah ya kawo mafita ta cikin gidanta. Shi kuwa ya durƙusa a gabanta, Yaya, a kan kafet, ya ɗan tattare wandonsa kada ya yamutse, yana roƙonta ta bar shi ya bayar, wai ya riga ya ɗaura niyya, kada ta hana shi lada. Kullum aka yi baƙi sai ya sake roƙon. In ba baƙi, zancen ƙwallo yake yi. Haka ya tsira da ƙodarsa, ya kuma tsira da sunansa, ya zama ɗan da ya so sadaukarwa uwa ta hana. Ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba, kuma ni aikina ke nan, tsafta.

Kada ki ce ina jin haushinsa don ya ji tsoro. Tsoron wuƙa ba laifi ba ne, kuma ba a tilasta wa kowa ya ba da sashen jikinsa. Asibitin ma sun san haka, shi ya sa suke da wata ƙofa ta sirri. Duk mai bayarwa sai likita ta zauna da shi su biyu, ta gaya masa in ya sauya ra'ayi ya faɗa mata kawai, ita za ta ce wa dangi binciken ƙarshe ya nuna bai dace ba, ba wanda zai san dalili har abada. An gaya masa, ni ma an gaya mini ranar da aka auna ni. Da ya bi ta nan, da mun yi baƙin ciki kwana biyu, mu shiga neman 'ya'yan kawunnai da na goggonni, Umma kuma da ta yarda. Amma wannan ƙofar ba ta da tafi. Sai ya ɗauki aikina na shekara shida ya toshe da shi duk wata ƙofa, tasa da ta kowa, don Umma ta ce ba ta karɓar ta ɗan kowa tun da tata tana hanya.

Za ki ce me ya hana ni gaya mata gaskiya. Na gaya mata, a daren farko, da washegari, da kowace rana bayan nan. Dariya ta yi mini. Ta ce ai ta san ni: ni ce nake dawowa daga kowace jarrabawa in ce na faɗi, sakamako ya fito na zo ta ɗaya. Ni ce na ce ba za a ɗauke ni jami'a ba. Ni ce na ce kundin digirina shirme ne har ranar da aka kira ni aka ba ni kyauta a kansa. Ta ce tun ina ƙarama in na ce abu bai yi ba, to ta fara shirin biki, kuma yanzu da na ce shekara ashirin ta san bai wuce wata shida ba. Kin ji. Shekara talatin ina ƙasƙantar da kaina don kada a ce ina da girman kai, ranar da na zo da gaskiya tsirara sai aka ɗauke ta a matsayin kunya. Doguwar likita ma ta yi mata bayani, da zane a takarda. Umma ta saurara cikin ladabi, da muka fito ta raɗa mini cewa kishi ne, yarinya ƙarama za ta raba su da sana'a.

Wata huɗu muka yi a haka. A ciki robar wuyan ta sake kama ciwo, jijiyar wurin ta lalace aka mayar da robar ɗaya gefen wuyan, zazzaɓi ya kwantar da Umma kwana tara, tana rawar ɗari tana tambayata ko ƙodar ta ƙara girma. Ciyaman ya zo dubiya da ledar ayaba da lemo, abubuwa biyun da aka fi hana mai wankin ƙoda. Shekara biyu bai san wannan ba. Na bi shi wurin ajiye motoci na tsayar da shi, ban ɗaga murya ba, na ce ya koma ya gaya mata adadin shekarun da na faɗa masa. Ya ce shi fata kawai ya ba ta, kuma fata magani ne. Ya ce matsalata ita ce kullum baƙin gefe nake gani, kimiyya yanzu gudu take yi, ya karanta a waya. Sai ya dafa kafaɗata, ya ce mini ƙanwata, ki riƙa yarda da kanki. Ina tsaye ina kallon motarsa tana fita, a nan na yanke abin da zan yi.

Na nemi izinin shugabar sashenmu, na ce iyalin wata mara lafiya suna so su ga aikin, ban yi ƙarya ba. Akwai gwajin da dama yake cikin jadawali, gwajin zura jini a cikin mafi kyawun kangon da muka taɓa samu, wanda na yi mako bakwai ina reno. Na matso da ranar zuwa Talata, ranar da Umma ba ta da inji. Na ce mata ta zo ta sa wa aikin albarka. Na ce wa Ciyaman tun da shi ya fara kai albishir, shi ya kamata ya jagoranci tawaga, kuma zai yi kyau ya ɗan ce wani abu. Ban ga alamar ya yi zargin komai ba. Ina jin a wata huɗun nan ya maimaita ƙaryar har ta fara yi masa kama da labarin da ya ji a wurin wani. Na gayyaci Goggo, kin san dalili, Auta ma ta biyo mu. Sauran 'yan kallo shi ya kawo da kansa: mutum biyu daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sakatare da ma'aji, cikin kaya masu sitaci.

Ban fara da akwatin gilashi ba. Ɗakin sanyi na fara kai su, shi yana tura Umma a keken marasa lafiya. Kanta huɗu ne a ciki, cike da kwalabe, kowace da farin abu yana iyo, kowace da takarda a manne da rubutun hannuna. Umma ta san rubutuna. Na riƙa ɗauko su ina karanta mata kwanan wata, daga shekarar da Auta ta shiga sakandare har zuwa watan jiya: wannan kwana huɗu ta yi, wannan shida, wannan ruwa ya fasa ta, wannan ƙwayar cuta ta shiga. Ɗari da arba'in da uku. Ta tambaya su kuma waɗannan mene ne, na ce waɗanda suka mutu. Ta tambaya ina masu rai, na ce guda ɗaya ce, tana ɗakin gaba. Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce kowane babban aiki da tuntuɓe yake farawa. Sakatare ya gyaɗa kai.

Na ajiye su a bayan tagar gilashi, na sa safar hannu na shiga. Baba Injiniya ya sauya robar, jinin tunkiya mai ɗumi ya fara shiga. Minti biyun farko abin ya yi kyau ƙwarai, farar ƙodar ta riƙa yin ja reshe bayan reshe, na ji Goggo tana salati ta bayan gilashi, ma'aji ya ɗaga waya. Daga nan allurar da take nuna matsin famfon ta fara hawa. Jan ya yi duhu, ya koma kamar hanta, injin ya fara ƙara. Jini ba ya yarda ya bi hanyar da ba a shimfiɗe ta da ƙwayoyinta ba, duk inda ya taɓa saƙa tsirara sai ya daskare, mu kuma rabin hanyoyin ma ba mu iya shimfiɗewa ba. Kafin minti goma ba abin da yake fita ta ɗaya gefen. Baba Injiniya ya kashe famfo. Na cire ta, na sa a leda mai kauri na liƙe, na fito na ɗora wa Umma a cinya. Ta matsa ta da babban yatsa, yadda take matsa nama a kasuwa. Ba ta lotsa ba.

Ba ni ta tambaya ba, kuma ba shi ba. Baba Injiniya ta kalla, tsoho ga tsohuwa, ta ce malam, don Allah, nan da yaushe. Shi kuma bai san komai a kan rigimar gidanmu ba, ban gaya masa ba, ban shirya shi ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce Hajiya ai wannan bawan Allah ya tambaya ranar da ya zo, har sau biyu, aka ce masa shekara ashirin, shi ma ya ce ciyawa za ta riga ta rufe shi, har suka yi dariya tare, ko Alhaji ya manta. Ma'aji ya shiga laluben aljihu yana neman wayar da take hannunsa. Ciyaman ya buɗe baki ya ce a gaskiya Umma, sai ta ɗaga masa hannu ɗaya, na hagun, mai tabon ɗinki. Ta ce Auta ta zo ta tura keken. Muna isa gida Goggo ta ɗauki waya. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba.

A mota Umma ta daɗe tana kallon titi. Can ta ce ashe shekara shidan nan kwalabe nake tarawa. Ba faɗa ta yi ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta dafa gwiwata ta ce sannu. Irin sannun da ake yi wa wadda ta yi ɓari. Wata huɗu ta yi tana gaya wa duk wadda ta zauna kusa da ita a ɗakin wanki cewa 'yarta tana gina ƙoda, ni kuma na kai ta har wurin na ɗora mata gawar abin a cinya. Na san haka za ta kasance tun kafin in kunna famfo. Na kunna.

Kuma na ji daɗi, Yaya, kada in yi miki tsoron Allah na ƙarya. Mako guda cur ina jin daɗi. Taron ƙungiyar da zai shugabanta aka ɗage shi ba dalili. Maƙwabtan da suke tare shi da addu'a yanzu matarsa suke gaisarwa, su tambaye ta yara, su wuce. Goggo ta ba da labarin sau nawa ban sani ba, kuma kowane karo kwalaben ƙaruwa suke yi, jiya na ji sun kai dubu. Ya zo gida sau uku, Umma ta juya fuska bango. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kalle shi yana tsaye a tsakar gida da takalmi a hannu, ba mai ce masa shigo, ban ji tausayin komai ba. Har yanzu ban ji ba.

Ga inda lissafina ya kuskure. Makon jiya ya je wurin doguwar likita shi kaɗai, ba tawaga, ba sanarwa. Ta zauna da shi sau biyu a rana daban-daban, ta sake nuna masa ƙofar sirrin nan, ya ce ba ya so. Yanzu da gaske yake, an sake auna shi, komai yana nan yadda yake. Umma ce ta ƙi. Ta ce za ta karɓi ta baƙon da aka tsinta a titi, za ta karɓi ta tunkiyar ma in za a iya, amma ba tasa ba. Wai ya riƙe abarsa a binne shi da biyun, ita ba za ta kwanta ta tashi da abin da aka yi mata rowarsa a cikin cikinta ba. Mun auna 'ya'yan Kawu uku, ba wanda ya dace. Robar wuyan kuma ta fara ja a gefe. Likita ta ce in wannan ta tafi saura cinya, bayan cinya kuma ba ta ƙarasa maganar ba. Na so in fasa ƙaryar in bar ƙodar, sai dukan ya wuce inda na auna.

Ni yanzu ba ni da bakin magana a wurinta. Ta yarda da ni, amma da tausayi take kallona, kuma ba a karɓar shawara daga wadda ake tausayi. Auta yarinya ce. Ke ce ba kya yawan magana, shi ya sa in kin yi take ji. Ki kira ta ranar Talata ko Alhamis da safe, lokacin tana da ƙarfi, kada ki kira ranar inji. Kada ki ce ta yafe masa, za ta miƙa wa Auta wayar. Kada ki ce ya tuba, ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, ina jin kunya ce kawai ta fi masa wuƙa zafi. Ki ce mata karɓa daban, yafiya daban. Tana iya karɓa ta ci gaba da juya masa baya shekara goma in ta ga dama, kuma da ƙodar za ta samu shekarun da za ta yi hakan. Ki ce mata ba kyauta yake yi mata ba. Wata huɗu ya cinye mata, jijiya ɗaya ta tafi a ciki.

Ni kuwa, tun da ke ce, zan faɗa miki abin da nake so. Ina so a cire ta daga jikinsa. Ina so ya farka da ɗinki a gefen ciki, ya duba ɗakin ya ga ba sakatare, ba ma'aji, ba mai kuka, sai nas tana tambayarsa ko ya yi fitsari. Addu'ar da ake yi wa mai irin wannan aiki ya riga ya shanye ta tun mako shidan farko. Zan kai masa ruwan zafi, zan tambayi jikinsa kamar yadda ake tambayar kowane mara lafiya, ba ƙari. Na san za ki ce abin da ba a bayar da zuciya ɗaya ba ba ya albarka. Yaya, na ɗauraye ƙoda ɗari da arba'in da huɗu har sai da na ga bayan kowace, na bi hanyoyinsu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ban taɓa ganin inda niyya take maƙalewa ba. Tasa lafiyayya ce, kuma daidai take da jinin Umma. Abin da ke zuciyarsa ya rage tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ki gaishe mini da maigidan, ki ce masa na gode da littafin da ya aiko, ban buɗe ba tukuna amma yana da nauyi mai gamsarwa. Ki gaida Babba, ki ce ya rage wasa, da 'Yan Biyu, da takwarar Umma, Allah ya raya su ya shirya mana su. Ki gaida surukarki in tana nan. Auta tana gaisuwa, Goggo tana gaisuwa kuma ta ce za ta kira ki ta ba ki labarin da kanta, ki raba duk abin da ta faɗa gida bakwai. Umma ba ta san na rubuto ba, kada ta sani. Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta ji maganarki.

Doguwar likita ta riƙe mana ɗakin tiyata ranar ashirin da uku ga wata. Da fensir ta rubuta. Ki kira ranar Talata.

Wassalam.

Ƙanwarki ta tsakiya.